Waken Ƙamshi: Shawarwarin Masu Lambu a Ingila

Masu lambu sun tattauna kan waken ƙamshi (sweet pea a Turance), furen da ya iso Ingila daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya a 1699. Bakinsu ya zo ɗaya cewa ba ya jure zafi: a Ingila, a shuka shi a Oktoba ko Maris, cikin tukunya mai zurfi, saboda saiwarsa doguwa ce. Kan jiƙa iri aka sha bamban, wasu sun ce ɓata lokaci ne. In ya kai santimita 10, a tsinke kansa don ya yi rassa, a kafa masa sanduna.

Shawarar da ta fi kwanta mini: a yawaita yankan furen ana ƙawata ɗaki. Da zarar ya yi kwanso, fure ya ƙare. Ƙwayarsa kuwa guba ce, a lura da yara.