Mai da lasisin tuƙi na ƙasar da aka koma: daga ina ake farawa?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Sababbin zuwa sun yawaita tambaya a kan lasisin tuƙi. Mutum ya sauka wata ƙasa da lasisin ƙasarsa a aljihu, har zuwa yaushe zai yi tuƙi da shi, kuma ta yaya zai samu na inda ya sauka? Don Allah waɗanda suka san kan abin su taimaka, a tara bayanin wuri ɗaya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Abu na farko, ka san ranar da aka fara ƙirga maka wa'adi, domin daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar ake lissafi, ko ka sayi mota ko ba ka saya ba. A Birtaniya wata 12 ne. A Jamus wata 6 ne ga wanda lasisinsa ba na Tarayyar Turai ba ne. A Faransa shekara 1, a lardin Ontariyo na Kanada kwana 60 kacal. Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar. Da zarar wa'adin ya cika, ko da katinka yana nuna saura shekara uku ya ƙare, a wurin hukuma ba ka da lasisi. A Jamus wannan babban laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1. Kamfanin inshora ma zai samu hujjar zame jiki idan aka yi hatsari.

Na biyu, hanya biyu ce: ko a yi maka musaya kai tsaye, ko ka sake jarrabawa. Abin da ke raba su shi ne ko ƙasar da ta ba ka lasisin tana cikin jerin ƙasashen da aka amince da nasu.

Maman Khalil: Bari in ɗora a kan na Birtaniya. Jerin nasu ya ƙunshi irin su Kanada, Ostareliya, Japan, Singafo da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga Afirka akwai Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, amma babu Najeriya, babu Nijar, babu Gana. Wanda ƙasarsa ke ciki zai cike fom D1 ya aika wa DVLA, hukumar lasisin tuƙi ta Birtaniya, tare da asalin lasisin, yana da shekara 5 daga zamansa don yin musayar, sai dai tuƙi da tsohon katin wata 12 ɗin nan ne dai. A kula, suna duba inda mutum ya ci jarrabawa tun asali. Idan lasisin da ke hannunka shi ma musaya ka yi daga wata ƙasar da ba ta cikin jerin, ba zai wuce ba.

Wanda ƙasarsa ba ta ciki, shawarata ya nemi lasisin koyo tun cikin watannin farko. Kafin wata 12 su cika yana da damar tuƙi shi kaɗai, wato yana ta sabawa da titi a kyauta. Idan suka cika bai ci jarrabawa ba, ya koma ɗan koyo sosai: alamar L a gaba da bayan mota, da mai rakiya wanda ya haura shekara 21 kuma ya yi shekara 3 da cikakken lasisi. Layin samun ranar gwajin titi kan ɗauki watanni, don haka wanda ya bari sai wata na goma ya makara.

Ɗan Autan Zaure: Anti, ni kuma na ji an ce wanda ya yo lasisin ƙasa da ƙasa kafin ya taso ba shi da wannan matsalar. Haka ne?

Malam Habu: A'a ƙanena, wannan maganar ta jefa mutane da yawa cikin wahala. Ɗan littafin nan fassarar lasisinka ne kawai, don ɗan sandan wata ƙasa ya iya karantawa. Ba ya aiki sai tare da asalin katin, ba a musayarsa, kuma ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wa'adin. Iri na yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara 1 yake yi, na yarjejeniyar Biyana ta 1968 yana kaiwa shekara 3, amma matafiyi mai ziyara aka yi wa shi.

Injiniya: Ga na Jamus dalla-dalla. A ofishin lasisin tuƙi na birni ko gundumar da ka yi rajistar zama ake shigar da takardu. Za a nemi fasfo, shaidar rajistar adireshi, hoto irin na fasfo, asalin lasisin da fassararsa daga ADAC, ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ko tafintan da kotu ta rantsar. Wanda zai sake jarrabawa sai ya haɗa da takardar gwajin ido da ta kwas ɗin taimakon gaggawa, darasi 9 ne na minti 45. Sauƙin da aka yi maka shi ne ba a wajabta maka adadin darussan da ake ɗora wa sabon ɗan koyo ba, amma ta hannun makarantar koyon tuƙi za ka bi, cibiyoyin gwaji na TÜV ko DEKRA su yi gwajin. Jarrabawar kwamfuta ta ƙaramar mota tambaya 30 ce, kowace da nauyin makinta, kuskurenka kada ya wuce maki 10, kuma idan ka faɗi tambaya biyu masu maki 5 ka faɗi gaba ɗaya. Ana iya yin ta da Turanci, Faransanci ko Larabci. Gwajin titi minti 55 ne, da Jamusanci mai gwaji zai ba ka umarni, saboda haka ka haddace kalmomin dama, hagu, juya da fakin.

Inda takardu suka fi maƙalewa shi ne kwanan wata. Dole a ga cewa ka mallaki lasisin tun kafin ka zama mazaunin ƙasar. Wanda ya koma gida hutu ya yo sabo, ba za a karɓa ba. Har mai gaskiya kan shiga wannan matsalar idan ya sabunta katinsa bayan ya taso, katin kuma ya nuna ranar sabuntawa kaɗai.

Hajiya Babba: Wannan batu na Injiniya shi ya sa nake cewa aikin tun kafin a hau jirgi yake farawa. A je hukumar da ta ba da lasisin a karɓo wasiƙa mai hatimi, wadda ta nuna ranar da aka fara ba ka shi, ajin motar da aka amince maka, da cewa ba a taɓa ƙwace shi ba. Faransa tana neman irinta, ta kwanan nan, idan za a yi musaya ta shafin intanet na gwamnati mai suna ANTS cikin shekarar farko. A Ontariyo da ita ake tabbatar da shekarun da ka yi kana tuƙi. Wanda ba shi da ita, ko ya shekara ashirin yana tuƙi, kusan da sabon shiga za a haɗa shi.

A duba rubutun suna ma. Muhammad a fasfo, Mohammed a lasisi, wannan kaɗai ya isa a dawo da takardu. A gyara tun a gida, kuma kada a bari katin ya ƙare kafin a shigar da buƙata. Wasiƙar kamfanin inshora da ke nuna shekarun da ba ka yi hatsari ba ita ma a taho da ita, wasu kamfanonin kan rage kuɗi saboda ita.

Maman Khalil: Sai maganar gwajin titi, inda tsofaffin direbobi suka fi faɗuwa. Hannunsu ya faɗa, amma sun saba duba madubi da wutsiyar ido, shi kuwa mai gwaji so yake ya ga kai ya motsa. Madubi, sigina, sannan a juya sitiyari, a haka a jere. A alamar tsayawa tayoyi su tsaya cak, gangarawa a hankali faɗuwa ce. A Birtaniya za a fara da karanta lambar mota daga nisan mita 20, tuƙin kusan minti 40 ne, ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya ya gama magana. Kafin nan akwai jarrabawar kwamfuta: tambaya 50 a ci 43, sai bidiyon hango haɗari, maki 75 a ci 44. Takardar cin ta shekara 2 take yi, idan ta ƙare ba a ci na titi ba, an koma farko.

Injiniya: A Jamus kuma abu biyu ne ke kayar da mutane. Waiwaye ta kafaɗa kafin a sauya layi ko a karya kwana, saboda masu keke da madubi ba ya nunawa. Sai mararrabar da babu alama ko danja, inda na hannun damanka ke da ikon wucewa, ko da titinsa ƙarami ne. Ko ka ƙware, ka biya malamin tuƙi na darasi kaɗan, ka ce masa ya gwada ka kamar ranar jarrabawa.

Ɗan Autan Zaure: To da otomatik zan yi gwajin ko da mai giyar hannu?

Malam Habu: A Birtaniya idan ka ci da otomatik, otomatik kaɗai lasisin zai ba ka izini. Idan kana da niyyar aikin da za a ba ka motar kamfani, yi da mai giya. Jamus tun 2021 ta kawo tsarin B197: gwaji da otomatik, amma ka yi darasi 10 da mai giya a makaranta, malami ya shaida ka iya, sai a ba ka duka biyun. Kuma kafin ka miƙa tsohon katin, ka ɗauki hotonsa gaba da baya ka adana, domin a musaya yawanci karɓe shi ake yi.