Baba ya gama maganin tibi, amma har yanzu yana tofar da jini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya sha maganin tarin fuka na wata shida bara, aka ce ya warke. Yanzu tarin ya dawo, sai ramewa yake yi, in ya tofar da kaki da asuba sai ka ga jirwayen jini. An sake gwajin kaki, babu tibi. Likita ya duba hoton ƙirji, ya ce akwai rami a huhun dama, yana zargin funfuna ce ta zauna a ciki. Funfuna kuma a huhun mutum? Yayanmu ya ce a mayar da shi kan maganin tibi kawai. Me kuka gani?

Maman Hanifa, Samaru: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Aikin jinya nake yi, kuma zargin likitan yana kan hanya. Tibi yakan tafi ya bar rami a huhu. Akwai funfunar da ake kira Aspergillus, tana cikin ƙura da hatsin da ya jiƙa, kowa yana shaƙarta ba ta yi masa komai. Amma in ta samu irin wannan ramin sai ta dunƙule a ciki, har jijiyoyin gefen su riƙa zubar da jini. Gwajin jini na Aspergillus IgG da hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, su ne ke tabbatarwa. Maganin da aka fi farawa da shi itraconazole ne, aƙalla wata shida, ana duba hanta lokaci-lokaci. Ku faɗa wa Yaya ya dakata: rifampicin da ke cikin maganin tibi yana karya ƙarfin itraconazole, ba a haɗa su.

Abban Sadik, Tudun Wada: Ku koma asibitin tibi na Saye ko asibitin koyarwa na Shika, duk a Zariya, da duk tsofaffin hotunansa, a gwada da sabon. Kada ku sayi maganin funfunar nan fluconazole a kemis, ba ya kama wannan irin.

Mai tambaya: Na gode. Jikoki fa, a raba su da ɗakinsa?

Maman Hanifa: A'a ƙanena, ba a ɗaukarta daga mutum. Shi dai ya nisanci rumbu da sharar kejin kaji. In kuwa jinin ya yi yawa, ya wuce jirwaye, ku kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.