Ɗaukar mai kula da talla a Snapchat da Instagram: me ake dubawa?

Mai abaya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shagon abaya da turare ne, muna son ɗaukar wanda zai riƙe mana talla kafin azumi. Don Allah waɗanda suka san harkar, me za a duba kafin a ba shi kuɗi?

Mai dabino, Madina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shafin da asusun talla duka a buɗe su da lambar wayarki da imel ɗinki, katin biya ma naki. Shi kuma ki ba shi izinin shiga ta Meta Business Suite (na Meta, kamfanin Instagram) ko Ads Manager na Snapchat, wato wuraren da ake sarrafa talla, kada ki miƙa masa kalmar sirri. Nan ne ake yawan kuka. In da sunansa ya buɗe, ranar da aka ɓata sai ya tafi da mabiya, da tarihin tallan, da bayanan da pixel (ɗan tsarin da ke bin sawun masu ziyartar shafi) ya tara a kan masu shiga shagonki na intanet da ke Salla ko Zid. Sabon asusu kuwa sai ya ci kuɗi kafin ya gane su waye masu saye.

Sannan ladan aikinsa daban, kuɗin talla daban. In aka biya a dunƙule, ba za ki san nawa ya isa Snapchat, nawa ya tsaya a aljihu ba. Ki kuma tambaya ko farashinsa ya haɗa da harajin VAT na kashi 15.

Mai tsire, Makka:
Gaskiya ne Alhaji. Ƙari a kai, Hajiya: mai tsara talla daban yake da mai mabiya da zai nuna abayar a shafinsa. Shi na biyun, tun 2022 sai da lasisin Mawthooq, wato izinin gwamnatin Saudiyya na yin talla a shafukan sada zumunta, riyal 15,000 na shekara uku. Ki ce ya nuna miki. Mai tsarawar kuma ya nuna sijilin kasuwanci (takardar rajista) ko takardar aikin ƙashin kai. Wanda iƙamarsa (takardar izinin zama) ta wata sana'a ce, ko ɗan uwa ne a haƙura, don in an zo bincike har ke abin zai shafa.

Mai shagon tsaraba, Makka:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne rahoton wata da ake cika shi da yawan kallo. Kallo ba ciniki ba ne, mabiya ma sayensu ake yi. Lamba uku kawai za ki nema duk mako: nawa aka kashe, mutum nawa suka yi magana a WhatsApp, nawa suka biya. Ki raba kuɗin da yawan odar, ki gwada da ribar abaya ɗaya. In ya zarce ribar, a tsaya a gyara.

Amma ke ma kada ki matsa masa ya riƙa canza talla kullum. Tsarin tallan Meta yana son sakamako kamar 50 a cikin mako kafin ya daidaita, kuma duk babban canji yana mayar da shi farko. Shi ya sa a fara tun tsakiyar Sha'aban, don a Ramadan kowa na talla, farashi sai ya hau.

Mai abaya, Jidda:
Allah ya saka da alheri. To da wane harshe za a yi, Larabci ko Hausa?

Mai shagon tsaraba, Makka:
Kowanne da nasa, Hajiya. Matan Jidda a yi musu da Larabcin Hijaz, 'yan Umara a yi musu da Hausa, da hoton kayan da suke ɗauka na tsaraba. In aka gwama, ba wanda zai tsaya. Kuma a sa wanda zai amsa saƙo daga bayan tarawihi zuwa sahur, don lokacin odar ke shigowa. Wadda ta tambayi farashi ƙarfe 2 na dare aka amsa mata da azahar, ta riga ta saya a wani shagon.

Mai dabino, Madina:
A rubuta yarjejeniya ta wata ɗaya tukuna: bidiyo nawa, wa ke ɗauka, kuma asalin bidiyon da hotunan mallakarki ne ko an rabu.