Kaurin bangon tumbi a ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gado: aikin sauyin ne ko wani abu dabam?

Ɗalibar Digiri na Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da abokan karatu. Ina neman shawarar waɗanda suka saba duba naman tumbin ɓera a ƙarƙashin madubin likita. Aikina ya shafi ɓerayen gwaji na jinsin C57BL/6 da aka tsara ta yadda za a iya kashe musu wata ƙwayar gado a bangon tumbi kaɗai, ta hanyar tsarin Cre, wani furotin da ke yanke ƙwayar gadon, wanda ake kunnawa da allurar maganin tamoksifen bayan ɓeran ya girma.

Rukunin farko mun buɗe su kwana 3 bayan allurar ƙarshe, sai muka tarar ƙwayoyin halittar da ke fitar da asid sun kusa ƙarewa, gindin ƙananan ramukan da ke jere a bangon tumbin kuma ya cika da wasu ƙwayoyi masu yauƙi waɗanda ba a saba gani a wurin ba. Rukuni na biyu mun bar su sun yi watanni. A cikinsu bangon ya yi kaurin da ido ke iya gani, akwai kumburi, wasu ramukan sun buɗe sun zama ƙananan jakunkuna, kaɗan daga ciki har sun nutsa ƙarƙashin siririyar tsokar da ke raba shimfiɗar sama da abin da ke ƙasanta. Ɓerayen da muke kwatantawa da su, waɗanda ba a yi wa kowace allura ba, tumbinsu lafiya lau yake.

Shin zan iya danganta duk waɗannan da kashe ƙwayar gadon? Kuma nutsewar ramukan nan tana nufin ciwon daji ya kama?

Mai Nazarin Tumbi ya amsa:

Wa alaikumussalam, Malama. Game da rukunin farko, ina ganin bai kamata ki danganta komai da ƙwayar gadon ba tukuna, domin abin da kika kwatanta shi ne daidai abin da tamoksifen ke yi wa tumbin lafiyayyen ɓera wanda ba a taɓa masa ƙwayar gado ko ɗaya ba. A shekarar 2012 masu bincike a ɗakin gwajin Jason Mills, wanda a lokacin yake Jami'ar Washington a birnin St. Louis na Amurka sun nuna cewa miligiram 3 ko fiye na maganin a kan kowane giram 20 na nauyin ɓera yana kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin asid cikin kwana 3, ko ta baki aka ba shi ko ta allurar ciki, a maza da mata baki ɗaya. Bayan kamar mako 3 tumbin yakan koma kusan yadda yake. Ke kuma kin buɗe naki ne a daidai ranar da ɓarnar ta fi tsanani.

Ƙwayoyin nan masu yauƙi da kika gani a gindin ramuka suna da suna, ana ce wa yanayin SPEM, kuma James Goldenring na Jami'ar Vanderbilt na cikin waɗanda suka fi yin aiki a kansa. A lafiyayyen tumbi, gindin ramin mazaunin ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin narkar da furotin ne. Idan ƙwayoyin asid suka mutu, ko mene ne ya kashe su, sai gindin ya rikiɗe ya koma samar da yauƙi tare da furotin ɗin da ake kira TFF2. Martani ne na gyaran rauni, shi ya sa ganinsa kaɗai ba ya faɗa miki wanda ya yi raunin.

Matsalar tana wajen ɓerayen kwatanci. Wanda ba a yi wa allura ba kuwa ya bambanta da naki ta fuska biyu, ƙwayar gado da magani, don haka ba zai raba miki gardama ba. Kina buƙatar 'yan ciki ɗaya da naki waɗanda ba su ɗauke da Cre amma aka yi musu tamoksifen daidai gwargwado a rana ɗaya, sannan waɗanda ke ɗauke da Cre kaɗai aka yi musu maganin, sannan waɗanda aka yi wa man da ake narka maganin a ciki kawai. Idan zai yiwu ki rage yawan maganin zuwa mafi ƙarancin da zai kunna Cre, ki kuma jira makonni kafin ki buɗe su.

Likitar Dabbobin Gwaji ta amsa:

Na yarda da Malam a kan rukunin farko, sai dai tamoksifen ba zai bayyana abin da aka gani bayan watanni ba, tunda ɓarnarsa warkewa take yi. A nan akwai yiwuwar ƙwayar gadon tana da hannu, amma wataƙila ba kai tsaye ba. Duk abin da ya rage asid na tsawon lokaci yana sa ƙwayoyin da ke ƙarshen tumbi, kusa da mashigar hanji, su riƙa zuba sinadarin gastirin cikin jini babu ƙaƙƙautawa, domin asid ne ke tsawata musu su dakata. Gastirin kuwa yana hanzarta rarrabuwar ƙwayoyin bangon tumbi. Ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gadon famfon asid ɗin kansa haka suke ƙarewa: babu asid, gastirin ya yi yawa, bango ya yi kauri, ramuka sun zama jakunkuna. Saboda haka, 'yar'uwa, ki auna asid ɗin ruwan tumbin da yawan gastirin a jini kafin ki yanke cewa ƙwayar gadon taki kai tsaye take hana ƙwayoyi yaɗuwa.

Abu na biyu shi ne bakteriya, kuma shi aka fi mantawa. Tumbin da ba shi da asid wuri ne da bakteriyar baki da ta hanji ke samun zama, ɓeraye kuma suna cin kashin juna, don haka duk waɗanda ke keji ɗaya sukan yi tarayya a abin da suke ɗauke da shi. Ɓerayen INS-GAS na ɗakin gwajin Timothy Wang sun nuna girman wannan al'amari. An sanya musu ƙwayar gadon gastirin ta ɗan'adam, da farko asid ɗinsu ya ƙaru, daga baya ƙwayoyin asid suka riƙa mutuwa, ciwon daji kuma yakan bayyana wajen wata 20. Da aka sa musu bakteriyar Helicobacter felis, lokacin ya ragu zuwa wata 8 ko ƙasa da haka. Da aka rene su a keɓe babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu, cutar ta yi jinkiri sosai. Ƙwayar gado ɗaya ce a duka ukun. Mazan ne kuma cutar ta fi kamawa, don haka kada ki haɗa lissafin maza da mata wuri guda.

Jinsin da kike aiki da shi ma yana da nasa hali. C57BL/6 yakan mayar wa Helicobacter martani mai zafi, da kumburi da lalacewar ƙwayoyin asid, alhali jinsin BALB/c ba ya yin haka sosai. Ki sa a gwada kashin ɓerayen da PCR, gwajin gano ƙwayar gado, don neman dangin Helicobacter, ki kuma duba ko na kwatancin a keji ɗaya suka tashi da na gwajin.

Ɗalibar Digiri na Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Dakta. Na kwatancin a keji dabam suke, kuma ba 'yan ciki ɗaya ba ne da na gwajin, za mu sake tsara rukunan kamar yadda kuka nuna. Tambayar ciwon dajin ce ta rage, domin akwai wanda ya duba gilasan da aka ɗora yankan naman a kai ya ce tunda ramukan sun keta tsokar, to sankara ce mai kutse.

Masanin Cututtukan Nama ya amsa:

Malama, keta tsokar kaɗai bai isa hujja ba a ɓera. Tsokar nan siririya ce ƙwarai a tumbinsa, kuma idan kumburi ya daɗe yana raunana ta, ramukan da suka cika suka kumbura sukan faɗa ƙasa ta wurin da ta yi rauni ko ta inda jijiyoyin jini ke ratsawa, kamar yadda ƙaba ke leƙowa ta bangon ciki. Ki duba jakar da ta nutse da kyau. Idan zagayayya ce mai santsin gefe, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikinta sun jeru layi ɗaya, cibiyoyinsu ƙanana ne masu kama da juna, kuma ta tafi da ɗan naman da ke kewaye da ita tun daga sama, to faɗawa ta yi. Sankara mai kutse kuwa tana zuwa da ramuka marasa siffa masu kusurwa, ƙwayoyi ɗai-ɗai ko 'yan gungu da suka ɓalle, manyan cibiyoyi masu duhu, da tabon nama mai tauri da ke taruwa kewaye da su. Ki yanka jerin siraran yanka daga wuri ɗaya, sau da yawa za ki ga wuyan da ya haɗa jakar da shimfiɗar sama. Ki duba kaluluwar da ke kusa da tumbi da hanta da huhu, ko da yake bazuwar sankarar tumbi zuwa wasu gaɓoɓi ba ta cika faruwa a ɓeraye ba.

Wurin da ciwon yake ma yana da muhimmanci, kuma a nan yadda aka yanka naman ke shigowa. Tumbin ɓera kashi biyu ne. Na gaba farin fata ne da shi irin na maƙoshi, ba ya fitar da asid, kuma ɗan'adam ba shi da makamancinsa. Wani ɗan tudu ne ya raba shi da ɓangaren da ke da ramuka. Ramukan farko da ke jikin tudun nan ko a lafiyayyen ɓera ba su da tsari irin na sauran, mai sabon ido yakan ɗauke su cuta. A ƙarshen tumbi kuma, ta wajen hanji, dama can babu ƙwayoyin asid, kada a lissafa rashinsu a matsayin lalacewa. Can ne ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gadon TFF1 ke yin ƙari, kamar yadda aka ruwaito a 1996, inda kimanin kashi 30 cikin ɗari suka kai ga sankara, alhali INS-GAS a tsakiyar tumbi suke yin tasu.

Ki buɗe tumbin ta gefen babban lanƙwasa, ki shimfiɗa shi ki kafe da allurai kafin ki tsoma a ruwan adana nama, wato fomalin na kashi 10, domin naman da ya naɗe yakan yanku a karkace ya nuna kaurin da babu shi. Ki ɗebi dogayen yanka daga tudun har zuwa farkon hanji a wuri ɗaya ga kowane ɓera, sannan a rufe lambobin gilasan kafin a miƙa wa mai dubawa, yadda ba zai san rukunin da kowane ya fito ba.