Bursu irin ta su Clinton da Yunus: a ina dosiyen ƴaƴan Damagaram ke faɗuwa?

Malamin jami'a, Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ɗalibai na yawan kawo zancen manyan da suka ci bursu, wato tallafin karatu. Bill Clinton ya tafi Oxford da bursun Rhodes a 1968, daga baya ya shugabanci Amurka. Muhammad Yunus na Bangladesh ya samu bursun Fulbright a 1965, ya karanta tattalin arziki a Vanderbilt, a 2006 ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. John Atta Mills na Ghana ma Fulbright ce ta kai shi Stanford. Rhodes na da kason Afirka ta Yamma, Nijar na ciki. Kowa ya faɗi abin da ya gani yana kada yaranmu, don masu gama lisans a Jami'ar André Salifou su shirya.

Hajiya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Suna ne, wallahi suna ne. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, takardar bak ta ce Mamadou, fasfo kuma ya zo da Mahamane. A gida duk mutum ɗaya ne, amma mai duba dosiye a Ingila bai san haka ba, ajiyewa zai yi gefe. Masu jijima (takardar haihuwa ta kotu) kuma su duba ranar haihuwa, sau da yawa ta saɓa da wadda aka rubuta a lakwal. A baje takardun duka a kan tabarma, a bi su harafi-harafi, kafin a kai meri a buga hatimi, kafin kuma a biya mai fassara. Gyaran suna ta kotu yake bi, ba aikin sati guda ba ne. Sai fasfo: daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kada a bari sai an buɗe rajista.

Yaya, Zango:
Gaskiya ne Hajiya. In ƙara da lissafin maki. Bursun Turkiyya na neman kashi 70 ga lisans, 75 ga mastar da dakta, 90 ga likitanci. A makinmu na bisa 20, wato 14, 15 da 18. Shekaru: ƙasa da 21 ga lisans, 30 ga mastar, 35 ga dakta. Rajista Janairu zuwa Fabrairu, kuma shekarar farko ta koyon Turkanci ce.

Malamin Ingilishi, Garin Malam:
Chevening ta Ingila tun 1983 take, ta mastar ce ta shekara ɗaya. Ita aiki take dubawa: shekara biyu, awa 2,800. Za ka zaɓi kwas uku, dole jami'a ɗaya ta ba ka gurbi ba sharaɗi, in ka gama ka dawo gida aƙalla shekara biyu. Carlos Alvarado, tsohon shugaban Costa Rica, ta nan ya bi.

Inda yaranmu ke zubewa shi ne rubutun. Kowa sai ya rubuta yana son ya taimaki ƙasarsa. Wa ba ya so? Wanda ya rubuta yadda ya tara matasan unguwa suka yashe magudanar ruwa kafin damina, mutum nawa, kwana nawa, me ya canza, shi ake kira ganawa. Kuma a daina rubutawa da Faransanci a ba na'ura ta juya, ranar ganawa baki ne zai tona asiri. Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta TOEFL da IELTS shekara biyu yake aiki, kada a yi shi da wuri har ya mutu kafin tafiya.

Malamin jami'a, Birni:
Allah ya saka, Malam. Saura wasiƙar shaida. Ƙannena, ku nemi malamin da ya duba muku memuwar, ba mai babban muƙamin da bai san fuskarku ba. Ku ba shi wata guda, ku haɗa masa da takardar maki. Sau da yawa saƙon neman wasiƙar ta imel ɗinsa yake zuwa kai tsaye, ku tabbatar adireshin da kuka sa shi ne wanda yake buɗewa.

Yaya, Zango:
Kuma ranar ƙarshe ba ranar turawa ba ce. In aka ɗauke wuta ko intanet ya yi nauyi, shi ke nan sai baɗi. A tura da sati guda a hannu.