"Mutuwa rigar kowa": lallashi ce ko gargaɗi?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum. Jiya a zaman makoki a Tudun Wada, matar mamacin tana kuka, sai yayan mijin ya leƙa cikin gida ya ce, "Haba, ki yi shiru mana, mutuwa rigar kowa ce." Ƙanenta ya fusata, ya ce wannan ba ta'aziyya ba ce, rufe baki ne. Sai da liman ya shiga tsakani. Tun jiya abin yake damuna. Wa ke da gaskiya?

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Maganar daidai take, "kullu nafsin za'ikatul maut" ce aka sa wa rigar Hausa. Amma hana kuka kuskure ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yage tufafi aka hana. Kuma tun asali mawaƙanmu hanya biyu suka bi. Masu waƙar wa'azi suna kawo mutuwa don su girgiza mai rai: daren farko a kabari, tambayar Munkar da Nakir. Masu marsiyya kuwa kewa suke faɗa. Nana Asma'u, 'yar Shehu guda, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ba ta ɓoye zafin rashinsa ba. Wa zai ce ba ta san ƙaddara ba?

Mai Shayi Kawo: Rigar kowa ce, amma ta wasu a Landan ake ɗinka ta. Mu tamu ko guga ba ta samu.

'Yar Zazzau: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Likkafaninta na cikin adaka shekara da shekaru, ta naɗe shi da turaren wuta. Duk bayan damina sai ta fito da shi ta shanya. Mu yara mu watse don tsoro, ita ko tana dariya tana cewa, "Ku zo ku ga kayan aurena na ƙarshe." Ranar Juma'a wani makaho yakan tsaya a ƙofar gidanmu yana rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Da ya iso baitocin mutuwa sai ta ajiye tankaɗe, ta zauna shiru har ya gama, sannan ta aika masa da tuwo.

To sai ɗanta na fari ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kun san kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun haihuwarsa. Kwana bakwai mutane na shigowa suna "sai haƙuri", tana "haƙuri ya zama dole", idonta a bushe. Bayan an watse, da asuba na ji ƙarar dutsen niƙa. Na leƙa. Gero take niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa, sunansa take kira, tana tambayarsa wa ya bar mata. Hawaye na ɗiga cikin garin. Mu muka sha kunun nan da safe.

Malamin Islamiyya: Allahu akbar. Allah ya haskaka kabarinta.

Mai Shayi Kawo: Amin. Ita da tsoron Allah ta tanadi likkafani. Wasu kuwa gidaje goma suka tanada a Abuja, in sun zo gaisuwa jiniya ta hana a ji addu'ar liman, mai hoto na gaba.

Baban Yara: Kai Mai Shayi, kowace magana sai ka kai ta can. Ni dai a wurina maganar ta mai rai ce, ba ta mai makoki ba. Kanka za ka faɗa wa, ba matar da ta shiga takaba jiya ba.

Ɗan Rigasa: To amma mahaifiyata ta ce ita kalmar ce ta sanyaya mata rai lokacin da babanmu ya rasu. Ta ji ba ita kaɗai aka zaɓa ba.

Baban Yara: Wa ya faɗa mata?

Ɗan Rigasa: Ƙawarta, wadda ita ma ta rasa nata mijin.

Mai Shayi Kawo: 'Yar Zazzau, don Allah kina tuna baitin waƙar Hajiya ko ɗaya?

'Yar Zazzau: Karin muryar na nan a kunnena har yau. Kalmomin kuwa nata ne ita da ɗanta, Baba Mai Shayi, ba zan rubuta su a nan ba.