Shaye-shaye, mantuwa da jin muryoyi a jikin mutum ɗaya: ta ina ake farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Likitoci da ma'aikatan jinya, a taimaka da haske. Mutum ne ɗan shekara 45, ya daɗe yana shan giya kullum, yana haɗawa da tiramadol. Yanzu ga mantuwa, a faɗa masa magana da safe kafin rana ta yi ta ɓace masa. Ga jin muryoyi, ga zargin ana bibiyarsa. Iyalansa na so su kulle shi a ɗaki ya daina rana ɗaya. Wanne za a fara magancewa, shan ko taɓin hankalin? Mantuwar kuma tana warkewa?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai a hana su kulle shi. Wanda jikinsa ya saba da giya, yanke masa ita farat ɗaya na iya kashe shi. Rawar hannu da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya kan zo cikin awa 48 na farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuwa daga kwana 2 zuwa 3. Tiramadol ma da kansa yana jawo farfaɗiya. Irin wannan a asibiti ake raba shi da giya, da maganin kwantar da jijiyoyi, wato diyazifam, ana rage masa a hankali, ko lorazifam idan hanta ta taɓu.

Mantuwar ta fi damuna. Giya na hana jiki samun tiyamin, wato bitamin B1, rashinsa ke kawo ciwon Wernicke: ruɗewa, tangaɗi, da rawar ƙwayar ido. Kada a jira alamun uku su cika, yawancin masu ciwon ba sa nuna su duka. Idan ana zarginsa, allurar tiyamin ake yi ta jijiya, miligiram 500 sau uku a rana na kwana 2 zuwa 3, sannan a sauko zuwa 250 kullum na wasu kwanaki. Ƙwayar haɗiya ba ta isa a nan, hanjin mashayi ba ya tsotse ta sosai. Wani kuskuren da ake yi shi ne rataya masa ƙarin ruwa mai sukari ba tiyamin, sukarin ya cinye ɗan abin da ya rage. Idan aka makara ya zama ciwon Korsakoff, mutum ya kasa riƙe sabon abu, ya riƙa cike giɓin da labarin da bai faru ba. Ba ƙarya yake yi da gangan ba.

Batun muryoyi, ƙa'ida ita ce a ga ko sun wuce kusan wata ɗaya bayan ya daina sha kafin a ce ciwo ne mai zaman kansa.

Ma'aikaciyar jinya:
Dakta, bari in ɗan ƙara, don kada a fahimci watan nan baibai. Sanya wa ciwon suna ake jinkirtawa, ba magani ba. Idan muryoyin na umartarsa ya cutar da kansa ko wani, yau za a fara. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kuma tura shi da ake yi, sashen taɓin hankali a ce sai ya daina sha, sashen masu shaye-shaye a ce sai hankalinsa ya dawo, shi ke sa a rasa maras lafiya. Tawaga ɗaya ta riƙe duka biyun.

Mai haɗa magunguna:
Abin da ke karo da juna. Tiramadol da maganin ciwon damuwa irin su fuluwoksetin ko amitiriftilin: zazzaɓi, fizgar tsoka, ruɗewa, da ƙarin haɗarin farfaɗiya. Naltirekson, miligiram 50 a rana, yana rage sha'awar giya, amma sai ya yi kwana 7 zuwa 10 ba tiramadol ko kodin a jikinsa, in ba haka ba zai jefa shi cikin azabar yankewa nan take. Disulfiram kuwa, maganin da ke galabaitar da mutum idan ya sha giya a kansa, a manta da shi, mai mantuwa zai sha giya a kai bai tuna ba. Idan aka sa shi kan olanzafin, maganin jin muryoyi, kuma ya bar sigari, a gaya wa likita, domin hayaƙin ne ke sa hanta saurin narkar da maganin, da ya daina sai ya taru a jini.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To yaushe za a auna ƙwaƙwalwar tasa?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Ba a makon farko ba, sakamakon zai fito da muni fiye da gaskiya. Bayan mako 4 zuwa 6 ba sha, a yi gwajin MoCA, wato tambayoyin auna ƙwaƙwalwa: minti 10 ne, maki 30, ƙasa da 26 na nuna akwai matsala, amma ƙarancin karatu na rage maki. A maimaita bayan wata 3. Da yawa kan farfaɗo sosai cikin watanni, wasu kuma rabi-rabi.

Kafin nan a sauƙaƙa masa komai: zaman shawara na minti 20 maimakon awa guda, saƙo ɗaya a kowane zama, a rubuta, a sa shi ya maimaita da bakinsa. Mutum ɗaya a gida ya riƙe magunguna. Idan ya saɓa ranar ganin likita a kira shi, kada a rubuta cewa ya ƙi magani.